Injin Tururin da Wana Ya Kyautar

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki injin da na yi shekara shida ina ƙerawa ya ba wani mutum kyauta, a gabana, ranar wata Laraba, saura kwana biyu in hura masa wuta karo na farko. Bai tambaye ni ba. Ko kallona bai yi ba sa'ad da yake faɗa. Abin da zan rubuta ke nan, kuma ba don a sasanta mu nake rubutawa ba. Waɗanda suka gwada sasantawar sun gaji sun bari.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. A cikin birnin Zariya wannan sana'a ba ta rasa aiki, don daga Kwarbai har zuwa wajenmu kusa da Ƙofar Kuyambana, da wuya ka bi lungu ba ka ji ƙarar keke a wani zaure ba. Bokona ya tsaya a aji biyu na sakandare. Ba korata aka yi ba, ni na daina zuwa, kuma babu wanda ya damu ya mayar da ni, tunda gidan ya riga ya samu mai karatunsa. Yaya ke nan. Ya yi jami'a, ya yi aikin gwamnati a Kaduna har ya yi ritaya, ya dawo ya zauna a kan buzun mahaifinmu a zaure. Shi ne mai gida yanzu. Ni ina sashen baya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni kaɗai, tun da matata ta rasu, 'yarmu guda kuma ta yi aure aka kai ta Funtuwa. Wurin aikina wani ƙaramin ɗaki ne a shigifa, tsakanin zaure da cikin gida, inda ake ajiye buhunan hatsi a da. Duk mai shiga gidan sai ya wuce ta bakin ƙofarsa.

Abu ɗaya na fito da shi daga makaranta, wani littafin kimiyya da bangonsa ya yage. A cikinsa akwai zanen injin tururi, an zana shi kamar an tsaga shi gida biyu don a ga cikinsa. Turancin da ke ƙasan zanen rabinsa ban gane ba har yau, amma zanen bai bukaci Turanci ba. Ga tukunya da ruwa, ga wuta a ƙarƙashinta, ga bututu ya ɗauki tururi ya kai shi silinda, tururi ya tura fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta juya wili. Mai gyaran keke yana ganin wannan zai gane shi. A keken ɗinki wili ne yake juyawa ya sa allura ta yi sama da ƙasa. A nan kuwa abin a juye yake, kai-da-komon ne yake juya wilin, kuma babu ƙafar kowa a kai. Wuta da ruwa kawai.

Na fara shi a shekarar da matata ta rasu. Da aka gama zaman makoki mutane suka watse, sai na ga tsakanin azahar da la'asar akwai wani lokaci mai tsawo da ban san da shi ba a da. Lokacin da nake shiga ciki in ci abinci ne, tana ba ni labarin unguwa ina yi kamar ba na ji. Yanzu sai in rufe kwano in zauna ina kallon bango. Ranar nan na jawo littafin daga ƙasan akwati.

Silinda na fara nema. A wurin 'yan gwangwan na Tudun Wada na samu tsohon kan famfo na tagulla, irin na da mai nauyi, na yanke wuyansa. Ba ni da injin sassaƙar ƙarfe, sai na haɗa nawa da ƙafar wani mataccen keke, ina takawa yana juya aikin, ina riƙe da magagari. Cikin silindar shi ne wahalar. Dole ya zama santsi kamar cikin kwalba, faɗinsa ɗaya daga baki har gindi. Na fiƙe guntun ice daidai ramin, in shafa masa garin dutsen wasa wuƙa da mai, in yi ta murzawa, daga baya in koma toka mai laushi. Guda uku na lalata. Ta farko ta buɗe a baki kamar ƙaho. Ta biyu na huda ta gefe. Ta uku ta yi kyau, amma na yi gaggawa na ƙara murzawa kwana ɗaya, fistin ya koma yana rawa a ciki. Ta huɗun ce ta zauna. Yadda ake ganewa shi ne ka toshe bakin da babban yatsa, ka ja fistin, ka saki. In ya koma da kansa ya ce fop, to iska ba ta samu hanyar wucewa ba. Ranar da na ji wannan fop ɗin na fito bakin ƙofa ina neman wanda zan nuna wa. Kaji ne kawai a shigifar. Na koma ciki na yi ta ja ina saki har aka kira la'asar.

Wili na cire daga kan wani tsohon keke, baƙi mai nauyi. Tukunya kuwa tankin tsohon risho ne, irin mai famfon nan na tagulla. Na san dalma ba za ta jure wuta ba, don haka na kai wa wani mai gyaran firij ya yi mini walda da sandar da suke haɗa bututu da ita. Ya tambaye ni ko shayi zan riƙa sayarwa, na ce masa e. Da na dawo na cika ta da ruwa, na naɗe ta da buhu, na sa ta cikin duro, na yi ta bugawa da famfon keke daga waje, don in za ta fashe ta fashe a can ba a fuskata ba. Ba ta fashe ba. Na yi mata bawul na kariya da ƙwayar boris da ɗan sifirin, yadda in tururi ya yi yawa zai ɗaga ƙwayar ya fita.

Abin da ya fi cin raina wani ɗan ƙarfe ne da bai fi farcen yatsa ba, wanda yake zamewa ya buɗe wa tururi hanya ta nan ya rufe ta can. In ya buɗe da wuri injin ya tokare, in ya makara ya mutu a tsakiya. Littafin bai nuna yadda ake daidaita shi ba, ko kuma ya nuna a cikin Turancin da ban gane ba. Kusan shekara biyu ina kwancewa ina ɗaurawa. Wata rana ina gyara wa wani tela haƙorin keke, wanda yake jan yadi gaba, sai na tsaya ina kallon yadda yake ɗagowa kafin allura ta sauka, ba tare da ita ba. Na bar keken mutumin a kwance na koma kan injina. Ashe gaba kaɗan ɗan ƙarfen yake so ya riƙa yi wa fistin. Telan ya dawo ya tarar ban ƙarasa masa aikin ba, ya yi ta faɗa, ni kuwa ina ta dariya ni kaɗai.

A unguwa Injiniya suke kirana, kuma ba don girmamawa ba. In na wuce dakali sai wani ya ce, "Injiniya, yaushe jirgin zai tashi, mu shirya kaya?" Wani dattijon tela ya taɓa leƙowa ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Malam, wannan me yake ɗinkawa?"

Na ce, "Ba ya ɗinki."

"To niƙa yake yi?"

"A'a."

"To me yake yi?"

Na ce, "Juyawa."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya ɗauki kekensa ya tafi.

Yaya kuwa sau biyar a rana yake wucewa ta ƙofar, zuwa masallaci da dawowa. Iyakar abin da yake cewa shi ne, "Ana nan ana wasan yara?" Ba ya tsayawa jin amsa.

Na gwada injin da famfon keke, ya juya. Amma hannuna biyu suna kan famfon, in na danna ya yi juyi huɗu ko biyar, kafin in ɗago kai in kalle shi iskar ta ƙare. Ban taɓa zama na naɗe hannu na gan shi yana tafiya da kansa ba. Wannan kaɗai nake so. Na tari ruwan sama daga indararo a cikin jarka, don ruwan rijiyarmu yana barin farin abu a gindin buta, ba na so ya yi wa tukunyata haka. Na farfasa gawayi ƙanana kamar goro. Na ɗaure injin a kan katakon maɗaci. Na sa wa kaina rana, Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Dole in faɗi wata al'ada ta gidanmu, in ba haka ba ba za a gane ba. Tun zamanin kakanmu, in babban baƙo ya yaba wani abu a gidan, da shi yake tafiya. Mahaifinmu ya taɓa cire agogon bango ya ba wani malami da ya ce ƙararsa da daɗi, muka yi shekara muna tambayar maƙwabta lokaci. Darduma, buta, rago, duk sun fita ta haka. Mutanen unguwa sun sani, shi ya sa in sun shigo sai su riƙe bakinsu, ko su ce abin ai ya tsufa. Yaya ya ɗauki wannan al'ada da ƙarfi fiye da kowa. Ina jin ita ce ta nuna masa cewa shekarun Kaduna ba su raba shi da gidan ba.

Ranar Laraba da hantsi na fito da injin bakin ƙofa don haske, ina goge shi da tsumma. Sai ga Yaya ya shigo shigifa da baƙo, wani Alhaji dattijo mai farin gemu, ubangidansa ne a ma'aikata a da, za shi ciki ya gaisa da matar Yaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana tafiya, sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Kai, wannan ba injin tururi ba ne?"

Shekara shida, shi ne mutum na farko da ya kira abin da sunansa. Ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna. Ya ce ya ga irinsa a Ingila lokacin da aka tura shi kwas, a cikin wani shago, ya tsaya yana kallo har motarsa ta wuce. Ya tambaye ni da me na yi silinda. Na faɗa masa. Ya tambayi tukunya, na faɗa masa. Ni da ba na magana, bakina ya buɗe. Na ba shi labarin silinda ukun da suka lalace, na nuna masa ɗan ƙarfen, na kama yatsansa na ɗora a bakin bututu na juya wili don ya ji iska tana bugawa. Na manta a gidan da nake. Da hannuna na jawo yabon.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Wallahi wannan abu ya yi kyau. Ya burge ni ƙwarai."

A lokacin na tuna.

Yaya ya ce, "Ai an ba ka, ranka ya daɗe."

Alhajin ya ce, "A'a, a'a, haba, ba haka nake nufi ba."

"An riga an ba ka."

"Aikin bawan Allah ne fa wannan."

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena ne, abin gida ne. Kada ka kunyata gidan nan, ranka ya daɗe." Sannan ya ce da ni, idonsa yana kan baƙon, "Kai masa mota."

Na ce, "Yaya, ba a gama shi ba."

Ya yi dariya ya ce wa Alhajin, "Shi kullum ba a gama ba. In aka biye masa sai mun mutu."

Suka shige ciki. Da zan iya cewa a'a. Na yi ta juya wannan a raina tun daga ranar. Amma ina da shekara hamsin da ɗoriya, ban taɓa musa wa Yaya a gaban baƙo ba, ban ma san yadda ake fara yi ba. Na ɗauki injin da katakonsa na fita da shi ta zaure. Direba ya buɗe but, na ce a'a, a kujera za a sa. Na tokare wilin da tsumman da nake gogewa don kada ya yi ta kaɗawa a hanya. Ni na rufe ƙofar motar.

Juma'a ta zo. Na je masallaci na dawo, ga gawayi a kwano, ga jarka a lungu, ga shatin katako a kan tebur inda ƙura ba ta sauka ba. Na kasa zama a ɗakin. Na fita ta ƙofar gari na miƙe wajen Kufena, na zauna a kan wani dutse ina kallon masu noma suna tashi, har rana ta yi sanyi na dawo. A masallacin unguwa labari ya bazu, ana ta cewa Yaya ɗan babansa ne, hannunsa a buɗe. Wani ma ya yi mini barka, wai abina ya shiga gidan manya. Matar Yaya ta yi kwana uku tana aiko mini da tuwo da nama fiye da yadda ta saba. Ta san abin da aka yi. Na ci, don ba ita ta yi mini ba.

Na san kyauta ba ta dawowa. Ban yi tunanin roƙo ba, don in na roƙa na zubar da mutuncin gidan gaba ɗaya, ni ma a cikinsa nake. Amma na ga babu laifi in je in ce zan nuna masa yadda ake kunna shi. Mutumin ya san abin, zai so ya gani. In hura wuta sau ɗaya, in zauna in gan shi yana tafiya ko na minti goma ne, in tashi in bar masa. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki na zuba gawayi a leda, na ɗauki jarka da 'yar gwangwanin mai, na hau acaɓa zuwa gidansa, can wajen gari inda manyan ma'aikata suke zama.

Mai gadi ya bar ni a tsaye a rana, yana kallon jarkar kamar fetur na kawo. Da aka faɗa wa Alhajin sai ya fito da kansa, ya ce, "Injiniya da kansa. Shigo, shigo, ka zo a daidai." A bakinsa sunan bai yi mini zafi ba. Ya ja ni har falo.

Akwai wani kabad na gilashi da ya cika bango guda, cike da lambobin yabo da farantai. Injina yana tsakiya, an ba shi wuri mafi kyau. Na fara kwance bakin ledar ina cewa na kawo gawayi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ajiye wannan. Tsaya ka gani, na ƙarasa maka shi."

Ya danna wani makunni a gefen kabad ɗin. Wilin ya fara juyawa.

Ashe ya kira mai gyara masa wutar lantarki ne. An ɗaure wata 'yar mota ta lantarki irin ta cikin fanka a bayan katakon, an sa roba ta zagaye wilin tana jan sa. Tukunyar kuma an huda ta. Huda uku a jere a gefe, ɗaya a gindi inda waya ta shiga, an cusa jajayen ƙwayayen fitila a ciki suna walƙiya, wai wuta ce. Da baya ma yake juyawa. Wili ne yake jan fistin, kamar kowane keken ɗinki da ke cikin birni.

Ya ce, "Ka gani? Babu hayaƙi, babu haɗari. Jikokina in sun zo ba sa barin a kashe shi. Wuni yake yi yana tafiya."

Ni ba walƙiyar nake kallo ba, ƙarar nake ji. Wani siririn kuka yake yi a kowane juyi, kukan ƙarfe busasshe. Babu wanda ya ɗiga masa mai tun da ya bar hannuna. A bakin silindar na ga wani gari mai ƙyalli ya taru, garin tagulla.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan kashe."

Ya kashe, ya buɗe mini gilashin. Na zame robar, na ɗora yatsa a bakin bututu, na juya wilin da hannu. Babu abin da ya bugi yatsana. Iska tana wucewa ta gefen fistin yadda ta ga dama. Hudar tukunya da ana iya toshewa da walda. Wannan kuwa ba ta gyaruwa, sai dai a sake wata silindar daga farko.

Ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau. Mai yake so."

Na ɗiga masa mai a duk inda ya kamata, wuri bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Ba shi da amfani, na sani, amma na kasa barin sa yana wannan kukan. Na mayar da robar. Na bar gwangwanin a gefensa na ce a riƙa sa masa duk mako. Alhajin ya ji daɗi, ya shiga ciki ya fito da shadda ya ce tukuicina ne, tun ranar ya kamata ya ba ni, da kwalbar turare ya ce in kai wa Yaya. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ban riƙe shi a rai ba, har yau. An ba shi abu, ya yi abin da ya ga dama da abinsa. A bakin titi na juye ruwan jarkar a gindin wani dalbejiya, na tsaya har ƙasa ta shanye.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na biya wurin wani magini a unguwarmu, na tambaye shi ko zai iya fasa ƙofa a katangar baya, daga sashena zuwa lungu. Ya ajiye abin da yake yi ya dube ni. Gidan nan tun da aka gina shi ƙofarsa ɗaya ce. Ta nan ake shigo da amarya, ta nan ake fitar da gawa, kuma duk wanda ya bi ta zaure ya san a ƙarƙashin wa yake. A birni in ka ji an ce wane ya fasa ƙofarsa, ba sai an ƙara maka bayani ba.

Ya ce, "Yayanka ya sani?"

Na ce, "Yanzu zan faɗa masa."

Na tarar da Yaya a zaure bayan la'asar da abokansa biyu. Na gaishe su na zauna a bakin ƙofa na jira, har suka gama hirar fansho da ciwon gwiwa suka tashi. Sannan na matsa na ajiye turaren a gabansa, na ajiye shaddar a gefe.

Ya ce, "Daga ina?"

Na faɗa masa.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Zuwa ka yi ka kunyata ni?"

Na ce, "Ban roƙi komai ba. Gaisuwa na kai."

Ya saki jiki, ya buɗe turaren ya shinshina. Ya ce, "To madalla. Ka ga mutumin kirki. Yaya abin naka, yana jin daɗinsa?"

Na ce an huda tukunyar, silindar ta cinye, ba zai taɓa tashi da tururi ba.

Ya ce, "To ai sai ka ƙera wani. Ƙarfe ne fa, ba rai ba. Kai da ba ka da aikin yi da rana." Ya tura mini shaddar da ƙafa. "Ɗauki abinka ka kai a ɗinka maka, ka daina yawo da wannan tsummar rigar kana ba mu kunya."

Ban taɓa shaddar ba. Na gyara zama na dube shi a ido, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara. Ban ɗaga murya ba.

Na ce, "Yaya, ka saurare ni, sau ɗaya zan faɗa. Abin nan da ka bayar ba ka san sunan ko ƙusa ɗaya a jikinsa ba. Da rigarka ka cire ka ba shi, da ni zan fara yaba maka. Amma ka duba cikin gidan nan kaf, ka zaɓi abin da ba zai yi maka ciwo ba, ka yi kyauta da shi, aka yi ta sa maka albarka a masallaci. Ni ma da laifina, na yi shiru, kuma ba zan ƙara ba. Gobe da safe magini zai zo ya fasa mini ƙofa ta baya, zan kwashe kayan aikina daga shigifa in mayar sashena. In an yi rasuwa ko suna ka aiko, zan zagayo ta zaure in zauna inda ƙane yake zama. Ban da wannan, abin da ya shiga ta ƙofata nawa ne. Ko na ƙera wani ko ban ƙera ba, ba za ka gani ba, baƙonka ma ba zai gani ba."